Burtun da Namadi Ya Gani

A Kaura Namoda in aka ce Namadi mai hoto, tsofaffi sukan tuna shagon nan na kusa da tashar jirgin ƙasa, mai labulen da aka zana wa furanni da jirgin sama, inda rabin garin suka taɓa tsayawa suka ƙame kamar an kama su da kayan sata. Matasa kuwa abin da suka sani shi ne dattijon nan mai bin kurciya da kyamara. Duka biyun mutum ɗaya ne. Tun da waya ta shiga aljihun kowa, har mai tuyar ƙosai ta zama mai ɗaukar hoto, sana'ar ta koma sai fasfo na masu neman aiki da maniyyata. Namadi bai yi fushi da zamani ba. Ya dai duba ya ga duk garin tsuntsaye ne kaɗai ba su da waya, sai ya koma kansu.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana wannan harka. Yana da wani littafi mai baƙin bango inda yake rubuta sunan duk tsuntsun da ya ɗauka, da ranar, da wurin. Akwai shamuwa a kan tsamiyar bayan kasuwa, akwai zalɓe a gulbin Gagare, da cilakowa a hanyar Banga, da gauraka biyu a fadamar Shinkafi, tun lokacin da ake zuwa Shinkafi ba tare da an nemi gafarar iyali ba. Sau ɗaya 'yan sintiri suka taɓa kama shi a bayan gari, kwance cikin ciyawa, ya saita wani dogon abu baƙi wajen hanya. Suka ƙwace kyamarar, suka zauna suka duba hotunan ciki ɗaya bayan ɗaya, suna neman shaidar cewa ɗan leƙen asiri ne. Hasbiya suka gani har sau ɗari da wani abu. Babbansu ya miƙo masa kayansa da hannu biyu, ya yi masa addu'ar samun lafiya.

Shafi ɗaya ne a littafin ya rubuta wa suna a sama ya bar ƙasan fayau. Sunan shi ne burtu, babban baƙin tsuntsun nan mai tafiya a ƙasa kamar basarake, mai dogon baki da ƙoƙo a ka. Rabon Namadi da ya ga burtu da idonsa tun yana bin mahaifinsa daji, kafin ya san mene ne kyamara. Yanzu kuwa idon ne ke shirin tafiya. Likita a Gusau ya haska masa fitila, ya yi 'yan rubuce-rubuce, ya ce na hagu ya riga ya yi nisa, na dama kuma in ya kai damina mai zuwa sai a gode wa Allah. Namadi ya gode wa Allah tun a lokacin don kada ya manta. Amma a mota, kan hanyar dawowa, tsoro ya kama shi sosai, kuma ba duhun ba ne ya fi ba shi tsoro. Shafin nan ne da zai tafi ya bari babu komai.

Mutum ɗaya a Kaura ya san burtu ciki da waje, wato Ladan, wan Namadi uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinsu maharbi ne, kuma Ladan ne ya gaji bindigar da kuma kan burtu. Wanda bai tashi gidan maharba ba, to kan burtu wani abu ne da ake haɗawa da ainihin ƙoƙon tsuntsun da bakinsa, a kafa a wani lanƙwasasshen ice, a rufe da baƙar fata. Maharbi yakan ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa baƙin bargo, ya yi ta rarrafe cikin ciyawa yana gyaɗa kai kamar mai kiwo. Barewa ta saba da burtu, ba ta gudunsa, har sai ta ji abin da ba burtu ke yi ba. Na gidansu Namadi an yi masa ado da 'ya'yan idon zakara, jajaye masu baƙin ɗigo, an jera su a kan danko zagaye da wuya. Uku daga ciki babu su, domin Namadi ya ɓamɓare su yana ɗan shekara shida don ya ga ko suna da zaƙi. Ladan ne ya sha dukan, kuma bai taɓa faɗin wanda ya yi ba.

To amma shekara tara ke nan ba a zuwa wurin Ladan da tambaya. A wata walimar suna ce, gaban mutane, Namadi ya ce maharba ne suka ƙarar da tsuntsayen ƙasar nan. Ladan ya ajiye lomar da ya ɗauka, ya ce su dai in sun yi harbi suna komowa da abin miya, ba takarda ba, ya kuma rantse cewa har ya koma ga Allah Namadi ba zai saita masa wannan abin nasa ba. Ba za a ce gaba suke yi ba, domin dukansu sun san malamai sun hana ta wuce kwana uku. Saboda haka suna gaisawa. In sun haɗu a masallaci Namadi ya yi sallama, Ladan ya amsa, kowa ya nemi takalminsa. Namadi ya ɗauki hoton liman, da mahauta, da matar da ta haifi 'yan uku, da ragon da ya ci gasa, amma babu hoton wansa ko ɗaya.

Ana cikin haka, a tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai, sai ga Muhtari direba, mai jigila tsakanin Kaura da Zurmi, ya shigo shago ɗaukar fasfo. Yana zaune gaban labulen jirgin sama ya ce, "Baba Namadi, tsuntsun ga da kaka cigiya, wani fasinja nau ya ce shina ganin su. Can gaba da Birnin Tsaba, in ka bar hanya ka shiga daji kamar tahiyar awa guda."

Namadi ya ɗago daga bayan kyamara. "Su nawa?"

"Ya ce biyu. Amma hwa Baba, dajin ga ka san masu shi."

Kowa ya san masu shi. Daji ne da manoman da ke da gona a bakinsa ma suka bar wa ciyawa, wanda aka shiga da mutane da yawa a kan babur, wasu suka dawo, wasu har yau ana jira. Namadi ya ce wa Muhtari ya ɗaga haɓa, ya latsa, sa'an nan ya ce ya ajiye masa gidan gaba ranar Asabar.

A gida matarsa Tani ta saurare shi har ya gama, tana tsince shinkafa. Shekara talatin da huɗu suna tare, ta san cewa yi wa Namadi gardama kamar tura jaki ne ta baya, ƙara kafewa yake yi.

"Malam, in sunka kama ka, mi za mu ce musu?"

"Ku ce musu makaho na, ba shi da amfani."

"Su ma sai su ce makaho na ya kawo kai nai. Tsuntsu guda, Malam."

"Tani, shekara goma sha ɗaya nika jiran tsuntsun ga. Idon ga ba shi jirana."

Tani ta tashi. Ta zuba shinkafar a tukunya, ta yi abinci, har ma ta wanke masa rigar da yake shiga ciyawa da ita. Washegari Laraba ta yafa mayafi ta ce za ta je barka. Namadi bai ji an haihu ba a dangi, amma mutumin da ke goge gilashin kyamara ba ya tambayar irin waɗannan abubuwa.

Ranar Alhamis da yamma, tana miƙa masa fura, ta ce, kamar maganar ba ta dame ta ba, "Na gamu da Rekiya matar Yaya Ladan. Ta ce kwana biyun ga wani abu na damunsu da kuka da sassahe, cikin fadamar ga ta bayan gonassu. Wai kamar ana buga turmi cikin rijiya."

Namadi ya tsaya da ludayi a hannu. Kukan burtu ke nan, babu wanda ya taɓa kwatanta shi daidai haka. Ya ce maganar mata ce, burtu ya bar bakin Gagare tun kafin a haifi Rekiya. Ya sha furarsa. Sa'an nan ya tashi ya sa batir a caji.

Ana sallame sallar asuba ranar Juma'a ya kama hanya. Fadamar ba nisa, bayan gari ne kaɗan, inda har yara ke zuwa yankan ciyawa. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, ƙasa ta yi laushi, gamba ta kai ƙugu. Ya sami gindin wata kuka ya durƙusa, ya kafa kyamara, ya jira. Balbelu suka wuce. Wani tsuntsu, ragon maza, ya fito ya dube shi, ya ga ba abin ci ba ne, ya koma. Rana ta fara ɗagowa, sauro suka yi kalaci da shi, har ya fara tsara abin da zai ce wa Tani game da maganar mata.

Sai ya ji shi. Wani kuka mai zurfi daga ƙasa, sau uku, wanda a ƙirji ake jinsa kafin kunne.

Can wajen taki sittin, a saman ciyawa, wani baƙin kai ya ɓullo, da dogon baki da ƙoƙo. Ya sunkuya ya yi caccaka, ya ɗago, ya juya hagu, ya juya dama, ya yi gaba a hankali da ƙasaita. Namadi ya manna idonsa na dama a kyamara. Abin da yake gani dishi-dishi ne, kamar ta cikin labule, amma siffar ba ta ɓoyuwa. Ya yi ta latsawa. Tsuntsun bai fito fili ba ko sau ɗaya, kai da wuya kawai yake nunawa, ya bi gefen gamba tun daga wajen kwazazzabo har kusa da wata giginya. A tsakiyar tafiyar ya tsaya ya daɗe, ya yi wani irin nishi wanda Namadi bai taɓa jin an ce burtu na yi ba. Ya ƙudurta zai rubuta wannan a littafi, domin ilimi ne sabo. Daga nan kan ya nutse cikin ciyawa, bai sake fitowa ba.

Namadi ya zauna a gindin kuka ya yi kuka shi ma, na farin ciki, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da aka haifa masa 'yar fari. Ya yi wa Allah godiya da ƙarfi, ba ya ko jin kunyar balbelu.

Bai bi ta gida ba, shago ya wuce. Ya kunna kwamfuta, ya zuba hotunan, guda arba'in da uku. Ya zaɓi wanda ya fi fitowa, ya matso da fuskarsa har hancinsa na shirin taɓa gilashi, ya zuƙo kan tsuntsun ya cika allon. Bakin ya yi kyau. Ƙoƙon ya yi kyau. Ya gangaro wuya don ya ga launin maƙogwaro, domin da shi ake gane namiji da mace. Ya ga ja, ya ce namiji ne. Ya ƙara zuƙowa, sai jan ya rarrabu ya zama 'yan ƙwayoyi a jere, kowace da baƙin ɗigo. Ya bi layin da yatsa. A gefen hagu akwai giɓi, na ƙwaya uku daidai.

Ya ci gaba da dubawa. Da ya gangara ƙasa kaɗan, tsakanin ganyen gamba biyu, ga igiyar fata, ga kuma wani yanki na goshi mai tabon sallah da furfura a gefe.

Fushi ne ya fara zuwa. Shi Namadi, ɗan maharbi, wanda aka goya a gidan da ake rataye wannan abu, a yi masa dabarar da ake yi wa barewa, kuma ta ci. Har da hawaye. Har da ilimi sabo. Ya tashi ya zagaya shagon, ya tsaya gaban labulen jirgin sama, ya dawo ya zauna. Kunya ta biyo baya, ta fi fushin nauyi. Sa'an nan, da yake mutum ne mai auna nisa saboda sana'a, sai ya sami kansa yana auna tafiyar da tsuntsun ya yi. Daga kwazazzabo zuwa giginya ba zai kasa taki ɗari biyu ba, cikin laka da ƙaya. Ladan ya haura saba'in. Shekara uku ke nan a zaune yake sallah a kan kujera a ƙarshen sahu, saboda gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa. Namadi yana ganinsa kullum, yana yi masa sallama, yana neman takalminsa. Yanzu ya gane nishin nan na mene ne.

Bayan an sauko Juma'a Muhtari ya leƙo. "Baba, gobe ƙarhe bakwai ko? In aje maka gaba?"

Namadi ya ce ya dakata, zai aiko masa kafin magariba. Gaskiya ita ce bai sani ba. Burtu na gaske, in fasinjan nan bai yi ƙarya ba, yana can gaba da Birnin Tsaba, kuma idon dama bai sake shawara ba. Ya wanke hoton babba, wanda bai zuƙo ba, inda ciyawa ta rufe abin da ya kamata ta rufe. Ya sa shi a ambulan. A hanya ya tsaya wurin mai kemis ya sayi man zafi.

Ladan na zaune a zaurensa bayan la'asar, a kan tabarma, ya miƙe ƙafar hagu an ɗaure gwiwar da tsumma, ta kumbura ta yi kamar ƙwarya. Tafukan hannunsa duk ƙarce. A bango, a kan ƙusar da ya saba zama tun zamanin mahaifinsu, kan burtu na rataye, da ɗanyar laka a bakinsa. Namadi ya yi sallama. Ladan ya amsa. A nan ne aka saba kowa ya nemi takalminsa, sai Namadi ya tuɓe nasa ya shiga ya zauna. Babu wanda ya dubi bango.

"Yaya, na ga burtu yau."

"To. Ina?"

"Bayan gonakka."

"Ikon Allah," in ji Ladan.

Namadi ya zaro hoton ya miƙa masa. Ladan ya goge hannu a riga kafin ya karɓa, ya nisanta shi da fuska, ya matso da shi, ya duba shi tsaf kamar mai sayen sa.

"Namiji na," ya ce. "Kuma tsoho na. Dubi yadda yaka ɗaukar kai."

"Na lura. Har nishi shikai."

"Tsohon burtu na yin haka." Ladan bai ɗauke idonsa daga kan hoton ba. "Na ji an ce gobe za ka Birnin Tsaba."

Ga ƙofa a buɗe. Namadi na iya cewa ya gane, ya ce shi ba barewa ba ne, ya tashi ya aika wa Muhtari a ajiye masa gidan gaba. Ya dubi gwiwar nan. Ya tuna ƙwaya uku da dukan da wani ya sha a kansu shekara sittin da suka wuce, ba tare da ya tona shi ba. Shafin littafinsa yana so ƙwarai, har cikin ransa, kuma ya san in ya bar gobe ya bar shi ke nan har abada. Ya ji zafin hakan, bai kuma yi ƙoƙarin ƙaryata kansa ba.

"Mi zan tahi nema?" ya ce. "Na riga na gani."

Ladan ya saki wani dogon numfashi, irin na ɗazu da safe. "Shi ɗai ka gani?"

"Shi ɗai."

"To ɗayan na nan kusa. Burtu ba shi yawo shi ɗai, ko da ka ga sun ba juna rata."

Namadi ya ciro man zafi daga aljihu ya ajiye a tabarma. Ya ce ya ga kamar tsuntsun na ɗingishi, shi kuma bai san inda zai same shi ba, ko Yaya zai ajiye. Ladan ya ce zai ajiye. Suka zauna suna duban kwalbar su biyu. Can Namadi ya matsa, ya kwance tsumman, ya lakato man ya fara shafawa. Daga cikin gida aka ji Rekiya na tambaya ko baƙo zai sha ruwa, da wata murya a bayanta mai kama da ta Tani, wadda a iya sanin Namadi tana gida tana daka.

"A hankali," in ji Ladan. "Gwiwa ta, ba kyamara ba."

Da aka kira magariba Namadi ya goge hannunsa, ya ciro littafin mai baƙin bango, ya buɗe shafin nan, ya kusanto da shi ga idon dama. Ya rubuta ranar, ya rubuta fadamar Gagare, ya rubuta namiji, tsoho, guda ɗaya. Ya miƙa hannu zai ɗauki hoton ya mayar ambulan, sai Ladan ya dafe shi da tafinsa mai ƙarce.

"Bar min shi nan. Ka kai a sa mai gilashi, a yi mai katako mai kyau." Ya sake duban hoton, ya gyara shi a kan cinyarsa. "Ni ban da wani hoton."

Maganar ta fita kafin ya kama ta. Su biyun suka zuba wa tabarma ido.

"To, Yaya," in ji Namadi. Ya miƙe, ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin hammatar wansa ya ɗaga shi, suka nufi masallaci a hankali, ɗaya na nuna hanya, ɗaya na riƙe da nauyi.